Zagaya kasuwar kifi a Kaduna in kai baƙo ne

Da farko, yi sammako. Da sassafe 'yan sari ke sauke kaya, kafin rana ta ɗaga an kwashe na kirki. Hau Keke Napep zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka tambayi layin masu kifi.

Sa takalmin roba, ƙasan a jiƙe take.

Kada ka yi saurin taya kaya, zagaya tukuna: ga tarwaɗa na motsi a baho, ga karfasa, ga banda a kwali. Ɗaga kunnen kifin ka duba. In ja ne, idon kuma garau, sabo ne. In ya koɗe, wuce abinka.

Kafin ɗaukar hoto, nemi izini: "Baba, in ɗauka?" Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, ba kowa ke karɓar taransifa ba.