Yadda ake haɗa watanda a WhatsApp ba tare da an ɓata ba

Da azumi ya shiga goman ƙarshe za ka ga ana ta buɗe guruf na watanda: 'yan unguwa, abokan aiki, tsofaffin 'yan aji ɗaya. Wasu kan watse tun ba a ɗaure saniyar ba, wasu kuma a ci naman amma a daina gaisawa. Buɗe guruf ko yaro ya iya, don haka mu wuce nan.

Fara da ƙayyade kaso. Idan kun ce kaso 20 ne, to 20 ne. Mutum na iya ɗaukar biyu, mutum biyu na iya haɗa ɗaya, amma suna ɗaya za a rubuta. A sa ranar rufe karɓar kuɗi, asusu ya zama ɗaya, duk wanda ya tura ya saka shaidar biya kowa ya gani.

Sai ka buɗe guruf na biyu, na waɗanda suka biya kaɗai. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya kawo tsarin kaɗa ƙuri'a, kuma yana da amfani, amma a guruf na farko masu "zan turo gobe" su ne suka fi kowa ra'ayi. Su za su zaɓi bijimi mai tsada, ranar biya kuma wayarsu a kashe.

Yanzu ga inda ni na sha kashi. Tsoka ba ta kawo faɗa, sikeli na raba ta. Abin da ke kawo faɗa shi ne abin da bai rabuwa gida 20: kai, ƙafafu huɗu, fata, wutsiya, tozo, harshe. Wata shekara muka bar maganar sai ranar yanka. Wanda ya je kasuwa ya ɗauka kai ladan wahalarsa ne, mahauci ya naɗe fata ya ce haka aka saba, wani dattijo kuma ya riga ya yi wa maiɗakinsa alkawarin ƙafa. Har bayan Sallah ana jefa habaici da saƙon murya. A yanke wannan hukuncin kafin a karɓi ko sisi, a rubuta, a maƙala saƙon a saman guruf. Ni a wurina hanya ɗaya ce: a yi gwanjon kai da ƙafa da fata a tsakanin 'yan guruf, kuɗin ya tafi ladan mahauci. Hanta da tumbi da hanji a yanka ƙanana a bi kowane kashi da su. Kada ka yarda da "a bar wa babba", domin kowa na da nasa babban.

Mutum uku su je kasuwa, ba fiye ba, a ba su iyakar kuɗin da ba za su haura ba. Wudil ranar Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Potiskum Laraba. Nesa ta fi sauƙi a baki, amma ka lissafa kuɗin mota da la'adar dillali kafin ka yi murna. Wani lokacin karar garinku ta fi. Kuma kada wakilan su riƙa turo hoton kowace saniya suna jiran ra'ayi. Kafin mutum 20 su amsa, wani ya saye ta.

Ranar yanka a zo da sikeli da ledoji. A kasa nama, a sa wa kowane kashi lamba, a kira yaro ya zaro takardun sunaye. Wanda bai zo ba ya turo wakili, babu ajiya a firij ɗin kowa. Da daddare a saka lissafi dalla-dalla, canji ko naira 200 ne a mayar wa kowa nasa, sannan a rufe guruf ɗin.