Ɗan'uwa Sabon Zuwa Ingila, Ka Kula da Lafiyarka a Wurin Aiki

Yawancinmu da muka sauka Ingila, aikin da ke fara zuwa hannu shi ne shara da goge-goge, ko ɗaukar kaya a sito, ko kula da tsofaffi. Halak ne, ba abin kunya. Abin da ke damuna shi ne kawaicin da muka taho da shi daga gida: mutum na cutuwa, ana tambayarsa yana cewa ba komai.

A makona na biyu ina wankin bayi a wani ofis, na zuba bilic a masai, na ƙara da ruwan da ke cire farin dattin da ke daskarewa a jikin tangaran, wai don ya fi haske. Ban kai ga ɗaukar burushi ba idanuna suka cika da hawaye, maƙogwarona ya shaƙe, na fito ina tari kamar raina zai fita. Iskar kulorin ce, mai guba, take tashi idan bilic ya haɗu da asid, irin wanda ke cikin ruwan cire farin dattin. Ba wanda ya gaya mini, alhali dokar COSHH ta 2002, wato dokar kula da sinadarai masu cutar da lafiya, ta wajabta wa wanda ya ɗauke ka aiki ya koya maka haɗarin sinadaran da za ka taɓa. Duk kwalbar da ka ga alamar gargaɗi da aka kewaye da jan layi a jikinta, karanta tukuna. Idan Turancin ya fi ƙarfinka, tambaya ba kasawa ba ce.

Masu kula da tsofaffi, don Allah ku tausaya wa bayanku. Tarbiyyarmu ba ta barin mu ga dattijo a ƙasa mu tsaya, amma kada ka cicciɓe shi kai kaɗai. Kira abokin aiki, a duba shi, a kawo na'urar ɗagawa. Bayan da ya ƙage yana iya zaunar da kai watanni, ga kuɗin haya na jira.

Safar hannu, takunkumi da takalmin kariya, wanda ya ɗauke ka aiki ne zai ba ka kyauta. Idan aiki ya wuce awa 6, kana da hutun minti 20. Ko ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata ka shigo, dokar kare lafiya ta 1974 ta shafe ka.

Ka ji rauni, ko ƙanƙani ne, sa a rubuta a littafin haɗurra a ranar, ka ɗauki hoton wurin da wayarka. Idan ka yi magana an share ka, hukumar HSE, mai sa ido kan lafiya da kariya a wuraren aiki, na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kuma kana iya roƙon kada a bayyana sunanka.