Kurakuran da jami'o'i suka fi yi wajen shirya kwas na intanet mai kiredit, da yadda za a gyara

Tun daga kullen korona na 2020, da wuya a yi taron malaman jami'a a Abuja a tashi ba a taɓo batun ɗora darussa a intanet ba. Dalili a fili yake. Kwasa-kwasan gama-gari irin su GST 111 da GST 112, waɗanda kowane ɗan shekarar farko ke ɗauka, sun fi ƙarfin ɗakunan lacca: wasu a kan taga, wasu a tsaye can baya ko muryar malami ba sa ji. Ga kuma ma'aikatan Sakatariya da 'yan kasuwar Wuse da matan aure a Kubwa masu son digiri amma ba su da halin zaman aji. Buɗaɗɗen kwas na intanet, wanda kowa zai shiga ya koya kyauta, wanda ya zauna jarrabawa ya ci kuma a sa masa kiredit, wato makin da ake ƙirgawa a digiri, a takardar sakamako, zai iya share wa ɓangarorin biyu hawaye. Ina goyon bayan abin ɗari bisa ɗari, shi ya sa yake yi mini ciwo idan na ga an zuba kuɗi da gumi, bayan shekara biyu a nemi kwas ɗin sama ko ƙasa a rasa. Kurakuran da ke jawo haka kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Sayen kyamara kafin a nemi amincewa

Yawanci abin da ake fara yi shi ne sayen kayan ɗaukar bidiyo da gyara ɗaki a mayar da shi situdiyo. Sai an gama naɗar darussa sannan wani ya tambaya: to wa zai amince da makin? A tsarin jami'o'inmu, kiredit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon mako 15, ko awa uku na aikin ɗakin gwaji. Ba wanda ke da ikon ba da shi sai majalisar dattawan jami'a, ita ma cikin ƙa'idojin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da ke Maitama. Jami'ar da ke son yin karatu daga nesa kuwa sai hukumar ta amince mata da cibiyarta tukuna.

Ɗora darasi a intanet daban, ba da kiredit daban. Jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da buɗe kayan karatunta ga duniya kyauta tun 2001, kuma har yau mai karanta su ba ya samun kiredit ko ɗaya daga gare ta.

Gyaran shi ne a bi takarda daga sashe zuwa tsangaya zuwa majalisa kafin a kunna kyamara. A rubuta lambar kwas, yawan kiredit, awoyin da ɗalibi zai yi yana aiki a kowane mako, da yadda za a gwada shi. Manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan ya sauƙaƙa aiki, domin kwas ɗin da aka gina a kan kashi 70 ɗin nan zai yi wa jami'o'i da dama amfani a lokaci guda. Amma sai an rubuta yarjejeniya tsakaninsu, shugabanni sun sa hannu, ofishin magatakarda ya san da ita. In ba haka ba, ɗalibi zai ci jarrabawa ya kai sakamako jami'arsu a ce masa ba a san zancen ba. Indiya ta magance wannan daga sama: hukumar jami'o'inta ta yarda a 2016 ɗalibi ya ɗauki har kashi 20 na kwasa-kwasansa ta dandalin gwamnati mai suna SWAYAM, a 2021 ta ɗaga zuwa kashi 40.

Kasafin kuɗin da ya ƙare a ranar yanka kyalle

Wannan shi ne babban rami, kuma a nan na fi son a tsaya. Tallafi na zuwa daga wata ƙungiyar waje ko daga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa manyan makarantun gwamnati da harajin da kamfanoni ke biya. Irin wannan kuɗi na lokaci ɗaya ne, kuma ya fi karkata ga abin da ido zai gani: gini, kwamfutoci, horo na 'yan kwanaki a otal. Ana yin biki, a ɗauki hotuna, a rubuta rahoto. Bayan nan sai ka tarar da ɗakin a kulle, kyamara a lulluɓe da leda ta sha ƙura, batiran sola sun mutu, yaron da ya san lambobin sirrin dandalin ya gama bautar ƙasa ya tafi da su a kansa.

Sayen doki ba wuya, harawarsa ce aiki. Kwas na intanet yana cin kuɗi a kowane zango: alawus na masu bibiyar ɗalibai da masu duba takardu, kuɗin ajiye dandali, albashin ma'aikacin da zai tashe shi idan ya faɗi cikin dare ana gobe jarrabawa, hayar cibiyar jarrabawa, wuta, da sabunta darussa duk bayan 'yan shekaru. Wuta kaɗai ta isa misali. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, jami'o'i da yawa suka koka. Wanda ya yi kasafi a 2022 bai sa wannan a lissafi ba.

Haka nan lasisin dandalin da ake biya da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk makarantar da ta ɗaure kanta da irin wannan kwangila, kuɗinta ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara mata komai ba. Dandalin Moodle da na Open edX kyauta ake ɗaukarsu, sai dai kada a ruɗu da kalmar kyauta: suna buƙatar ƙwararren ma'aikaci mai albashi na dindindin. Jingina da kamfani kaɗai ma na da haɗari. Jami'o'in Harvard da MIT sun kafa dandalin kwasa-kwasan intanet na edX a 2012 da dala miliyan 60, suka sayar wa kamfanin 2U a 2021 a kan dala miliyan 800, shi kuma a watan Yulin 2024 ya garzaya kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Don haka a tabbatar kowane bidiyo da rubutu da sakamakon ɗalibai suna ajiye a hannun jami'a.

Yadda za a gyara: a rubuta kasafin shekara biyar tun ranar farko, a raba shi gida biyu, na ginawa da na tafiyarwa. Na farko a neme shi daga tallafi. Na biyu dole ya kasance yana da mafita tabbatacciya. Jami'ar Georgia Tech ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014 da gudummawar dala miliyan 2 daga kamfanin AT&T, amma kuɗin makaranta na ƙasa da dala 7,000 ga dukan digirin shi ya riƙe shirin, da shi ake ɗaukar mataimakan malamai masu yawa. Jami'ar Jihar Arizona kuwa ta fito da wata dabara a 2015 wadda nake ganin ta fi dacewa da aljihun mutanenmu: ɗalibi ya yi kwas, ya ga sakamakonsa, idan ya ci kuma yana son kiredit sannan ya biya. A nan Abuja za a iya barin koyo kyauta ga kowa, a sa kuɗi mai sauƙi a kan jarrabawa da kiredit, a tabbatar a rubuce cewa kuɗin zai koma ga kwas ɗin. Tunda kuɗin jami'o'in tarayya na bi ta asusun bai-ɗaya, a zauna da ma'ajin jami'a tun farko a buɗe wa shirin layinsa a kasafi. Idan aka bari ya shiga tukunyar gayya, masu duba takardu za su yi wata da watanni suna jiran haƙƙinsu, zango na gaba kuma ba za su dawo ba.

Naɗar lacca yadda take a aji

Ana ajiye kyamara a bayan aji, malami ya yi awa biyu yana bayani, a ɗora haka. A dubi wanda aka yi dominsa: magidanci ne da ke tashi daga Mararaba da asuba, ya kutsa cunkoson Nyanya, ya wuni a ofis, ya dawo bayan isha'i. Wayar Android ce a hannunsa mai fasasshen gilashi, cajinta saura kaɗan, unguwa ba wuta. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyan hoto na iya cinye masa kusan gigabait guda, ga shi kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50.

A yanka darasi gajere-gajere, minti shida zuwa goma. Kowane bidiyo ya zo da sautinsa zalla da rubutunsa, ta yadda za a sauke a saurara a cikin mota. A gwada komai a ƙaramar waya a Zuba ko Gwagwalada kafin a ce an gama. Kuma ba laifi a ƙara taƙaitaccen bayani da Hausa a wuraren da ke da sarƙaƙiya, ko da jarrabawa da Turanci za a yi.

Ƙirga masu rajista a bar ɗalibi shi kaɗai

Rahoto ya fi daɗin karantawa idan aka ce dubbai sun yi rajista. A 2011 mutum 160,000 suka shiga kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira na malaman Stanford, abin da ya tayar da guguwar buɗaɗɗun kwasa-kwasan intanet ke nan. Amma binciken da aka yi kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX ya nuna a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin ɗari ne suka kammala. Ga mai leƙe don nishaɗi wannan ba komai ba ne. Ga wanda digirinsa ya rataya a kan kwas ɗin, babbar asara ce. A 2013 Jami'ar Jihar San Jose ta haɗa kai da kamfanin Udacity suka ba da kwasa-kwasai masu kiredit a kan dala 150, mafi yawan ɗaliban suka faɗi, aka dakatar da shirin a watan Yuli. Da yawansu dama masu rauni ne a lissafi, wasu ko kwamfuta ba su da ita a gida.

Na taɓa zama a wani taro inda aka gama nuna kyawun dandali, kowa na tafi, sai wata malama ta ɗaga hannu ta ce da shugaban taron: "Ranka ya daɗe, idan ɗalibi ya turo tambaya ranar Asabar, wa zai amsa masa? Kuma nawa za a ba mai amsawar?" Ɗakin ya yi tsit. Tambayar nan ita ya kamata a fara da ita. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta daɗe da gane haka: kowane ɗalibi na da malami mai bibiyarsa a cikin ƙaramin rukuni, mai duba aikinsa ya rubuta masa gyara. Mu ma za mu iya da ɗaliban digiri na biyu da na uku, a horar da su, a biya su, a ba kowa rukunin da zai iya riƙewa, da ƙa'idar amsa tambaya cikin kwana biyu. Wanda aka ga ya yi mako biyu bai leƙo ba a kira shi a waya. Abin aunawa kuma ya zama yawan waɗanda suka ci jarrabawa.

Jarrabawar da ba a san wa ya rubuta ba

Idan duk makin daga gida ake samunsa, ba wanda zai yarda da shi, musamman yanzu da ChatGPT ke rubuta amsa cikin daƙiƙa. Jami'ar NOUN ta karatu daga nesa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, hedikwatarta kuma ke Jabi, tana ba da maki 30 ga aikin zango, 70 ga jarrabawar da ake zama a cibiyoyinta. A SWAYAM ma a cibiya ake zama, da mai sa ido. Abuja cike take da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da ake amfani da su lokacin JAMB, da yawa kuma ba su da aiki sosai sauran watanni. A yi yarjejeniya da su, a tantance ɗalibi da lambar NIN da hotonsa a bakin ƙofa, a sa kuɗin a kasafi.

Mantawa da haƙƙin malami

Malami zai yi watanni yana rubuta darasi da naɗa, bayan lacca da duba takardu da kula da masu rubuta kundi, sannan a ce masa Allah ya ba da lada. Ba a rage masa aiki ba, ba a ƙirga masa a ƙarin girma ba, bai kuma san ko jami'a za ta ci gaba da karɓar kuɗi da muryarsa bayan ya yi ritaya ba. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake ba, kuma zai gaya wa abokan aikinsa.

A rubuta yarjejeniya kafin a fara: nawa za a biya, kwas nawa za a sauke masa a wannan zango, maki nawa aikin zai ci a gaban kwamitin ƙarin girma, wa ya mallaki abin da aka naɗa. A zaɓi lasisin Creative Commons, irin wanda ke ba wasu damar amfani da darasin har su gyara shi muddin sun ambaci mai shi, kamar yadda shawarar UNESCO ta 2019 kan buɗaɗɗun kayan karatu ta ƙarfafa. A kuma kiyaye kwafo shafukan littattafan mutane da hotunansu a zuba a dandali. Abin da ake kau da kai a kansa a cikin aji, a intanet kowa na gani, ga sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a sun san inda ake samun littattafan da aka buɗe wa kowa, don haka a sa ɗaya daga cikinsu a kwamitin kwas tun zaman farko, tare da wakilin ma'aji da na ofishin jarrabawa.