Kurakuran da sababbin makaɗa ke yi a yawon wasan kwaikwayo, musamman wajen cin abinci

Duk sabon makaɗin da aka ɗauka cikin tawagar wasan kwaikwayo mai zaga gari-gari kusan abu ɗaya yake yi, har na gaji da maimaita magana a cikin bas. Kiɗa kam sun iya, ba nan matsalar take ba. Yaro zai zo maka da hannu mai daɗi, ya haddace wasan tun daga buɗe labule har rufewa, amma bai iya ciyar da kansa a hanya ba, bai san lokacin barci ba, bai san yadda ake riƙe kuɗin abinci ba, kafin a yi nisa sai ka ga ya rame ya fita hayyacinsa. Toh ƙannena ga shi na rubuta muku. Ni mai busa ne, kilarinet da saksofon, kuma abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, wani babban yana iya gaya muku nasa daban.

Na farko, ɗanɗana abincin garin mutane ana saura awa ɗaya a buɗe labule. An sauka sabon gari, an gama gwajin sauti, yunwa na cin kowa, sai ka ga yara sun fita sun hango wani abinci mai ƙamshi da ba su taɓa gani ba, kowa ya cika cikinsa fal sannan a dawo a zauna a ramin makaɗa. Kun san dai yadda ramin nan yake, ƙasan dandamali ne, matsattse, ga zafin fitilu, ga wayoyi ko ta ina, ƙofar ma sai ka tsallake mutane da kayansu kafin ka kai gare ta. Kashin farko na wasa sau da yawa ya fi awa ɗaya kuma ba fita. Ɗan wasan da ke sama galibi yana da wanda aka horar ya tsaya masa in ya kasa, kai kuwa a tafiya kai kaɗai ne a kan kayan kiɗanka, in cikinka ya murɗa babu mai karɓar ka. Ga mu masu busa da masu rera waƙa abin ya fi muni, don in ciki ya cika numfashi ba ya sauka ƙasa yadda ya kamata, doguwar busar da ka saba yi da shaƙa ɗaya sai ka ji ta katse a tsakiya.

Kar ku fahimce ni a baibai, ban ce kar a ci abincin gari ba. Wallahi rabin daɗin wannan aikin shi ne abincin da za ka ci a wuraren da da ba don kiɗa ba ba za ka taɓa taka ƙafarka ba, kuma mutumin da yake zaga duniya yana cin burodi da biskit a ɗakin otal shi ma tausayinsa nake ji. Lokaci ne kawai. Ni sabon abinci sai ranar hutu, ko daren da na san gobe ba wasa ba doguwar tafiya. Ranar aiki kuwa abin da cikina ya sani nake ci, wajen awa 3 kafin wasa, kuma ba na ƙoshi, in an je hutun rabin lokaci ayaba ɗaya da ruwa sun ishe ni.

Wurin cin ma akwai dabara. Kar ka tambayi mai karɓar baƙi a otal, wurin 'yan yawon buɗe ido zai tura ka. Tambayi ma'aikatan gidan wasan, masu fitilu da masu jan labule da masu guga, su ne suka san inda ake samun abinci mai kyau da araha kusa da wurin, kuma sun san wanda yake buɗe bayan an tashi wasa. In ka je ka duba, wurin da mutane ke layi abinci ba ya kwana. A dafa a gabanka, a zuba maka yana tururi. Abin da na fi tsoro ba naman da aka gasa a bakin titi ba ne, salak ne da aka wanke da ruwan da ban sani ba, da kayan marmarin da aka yanka tun safe aka jera, da ƙanƙarar da ake jefawa a lemo. Yara su sayi ruwan roba a rufe, sannan su zuba masa ƙanƙarar ruwan famfo, me aka yi ke nan? In ba ruwan roba, a tafasa ruwa ya yi ta ɓararraka minti 1, in garin kan tsauni ne sama da mita 2,000 a bar shi minti 3. In kuma akwai abin da ba ka ci, saboda addini ko saboda jikinka ba ya so, sa wani ɗan gari ya rubuta maka a takarda da yarensu ka riƙa nuna wa mai abinci, nuni da hannu ba ya gaya maka da wane mai aka soya.

Na biyu shi ne wanda nake ɗaga murya a kansa, don ya taɓa cinye min aiki. Ragowar abinci a cikin bas. Wani dare bayan wasa aka yi mana walima, shinkafa ta rage da yawa, na ga asara ce a zubar, na zuba a roba na kai ɗaki, ɗakin ba firij. Da safe na sa a jaka muka hau bas, rana ta doke ta ta taga yini guda, da muka sauka na ɗumama ta sosai har tana tururi, na sunsuna ba wari, na ci. Ana cikin kashin farko na wasa zufa ta karyo min, yawu ya cika bakina, kilarinet na hannuna ina kallon madugun kiɗa yana ɗaga min sanda ni kuma ba abin da zan iya busawa. Mai jita ne ya janye kujerarsa na samu na fita da rarrafe. Mai piyano ya rufe wurina da abin da ya iya a daren, washegari suka nemo wani a garin ya zauna a kujerata, da aka tashi haɗa tawagar tafiya ta gaba kuwa ba a kira ni ba. Babu wanda ya zage ni, kawai dai wayata ba ta yi ƙara ba, kuma na daɗe kafin na dawo da sunana.

Daga baya likita ya yi min bayani. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke cikin ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe ƙwayayenta duka, in shinkafar ta huce aka bar ta a waje sai su farfaɗo su saki guba, gubar kuma zafi ba ya lalata ta. Wato ɗumamen da na yi bai amfana min komai ba, kuma ba ta wari ba ta canza ɗanɗano, cikin awa 1 zuwa 6 sai amai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Yanzu ku gaya min, bas ɗin da ya yi awa 8 a hanya a ina yake cikin lissafin nan? Amma har gobe ina ganin yara suna shigowa bas da robar jiya a leda, in na yi magana su ce "Baba ai lafiyarta ƙalau". Haba! Kuɗin faranti ɗaya kake tsimi za ka jefa aikin wata da watanni a rami? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma ba kai kaɗai za ka sha ba, mutum nawa ne suka yi rihazal da kai, mutum nawa suka sayi tikiti? Zubar da ragowar, ko tun a daren ka ba wanda zai ci da zafinta. Guzurin bas busasshen abu ne, gyaɗa, dabino, burodi, lemo da ayabar da kai za ka ɓare da hannunka.

In kuma abin ya riga ya faru, dan Allah kar ka ɓoye. Sabon yaro yana tsoron a ce ba shi da juriya sai ya yi shiru yana ta zarya banɗaki, har sai ya faɗi. Gaya wa manajan tafiya da wuri ya samu lokacin neman mafita. Abin da ke kayar da mutum a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa jakata ba ta rabuwa da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, in babu kuma ana haɗawa, ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Maganin tsayar da gudawa irin loperamide yana iya fitar da kai wasa ɗaya, amma in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida kar ka taɓa shi, asibiti za ka. Sannan ka tuna akwai masu yaɗuwa, kamar norovirus, mutum ɗaya ya shigo da ita bas sai ta bi tawaga kaf. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya yi mata sosai, sabulu da ruwa ne, daƙiƙa 20. A daina shan ruwa a gora ɗaya, masu busa a daina aron bakin kayan juna.

Sai alawus ɗin abinci. Ana ba ka na mako guda a dunƙule, ka ga kuɗi a hannu, kwana biyun farko kai ne gidan abinci mai tsada kai ne sayen tsaraba, kafin mako ya raba kana bin mutane da ido a teburi. Yaron da ke busa da yunwa ana ji a sautinsa. Ni dai tun ranar da aka ba ni nake raba shi gida-gida a ambulan, na kowace rana daban, in cire wani abu na ajiye don ranar tafiya, saboda abincin tasha da na filin jirgi ya fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba. In otal na ba da karin kumallo kyauta ka tashi ka ci ko da za ka koma barci. Ka kuma tambaya tun kafin ka sa hannu a takarda ko ana biyan alawus ranar hutu da ranar tafiya, ba duka kamfanoni ke bi ta hanya ɗaya ba, kuma rigimar da ba a yi a ofis ba a bas ake yin ta. Rance tsakanin 'yan tawaga kuwa na ga ya raba abokai, ni ba na ci ba na bayarwa, in yunwa kake ji zo mu ci tare.

Cin dare bayan wasa shi ma yana ɓata mutane a hankali. An tashi wajen sha ɗaya, jiki na rawa, a je a ci abu mai maiƙo da yaji a faɗa gado nan take, da asuba ƙwannafi ya taso ya ƙona maƙogwaro, mawaƙi ya tashi da dusasshiyar murya yana cewa sanyin ɗaki ne. A bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya, in ba hali a ci kaɗan. Kofi ma haka, wanda ka sha a hutun rabin lokaci bayan awa 5 kusan rabin ƙarfinsa na nan a jininka, sai ka kwana kana kallon silin, gobe ka ƙara wani don ka farka.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Kayan kiɗan itace ba a barin su a but ɗin bas, zafi da sanyi suna tsaga su, kuma kilarinet mai sanyi in ka hura mata numfashi mai ɗumi kai tsaye tana iya tsagewa, sa ta a hammata ta ɗan ɗumama tukun. Bayan cin abinci a wanke baki kafin busa, sukari na manne fatun makullan kayan busa. Baƙaƙen kayan aiki a tafi da aƙalla kala biyu, a yi wanki ranar da aka sauka ba daren tashi ba, jiƙaƙƙen kaya a jaka warinsa ba ya fita. Masu amfulifaya ku duba wuta kafin ku jona, Amurka volt 120 ce, Japan 100, Turai 230, adafta bakin soket kawai take canzawa ba ƙarfin wuta ba. Batiran lithium na ajiya a jakar hannu ake shiga jirgi da su. In kayan kiɗanka na da hauren giwa ko wani itace da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai masu shirin ƙarewa, ta hana fatauci da shi, nemi takarda kafin ka tsallaka iyaka, kwastam suna iya riƙewa.

Kunne kuma, wannan ba na so in sa shi cikin ƙanana. A rami kana zaune gaban mai ganga ko mai ƙaho kullum dare. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce ƙarar desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) awa 8 a rana, duk ƙarin desibel 3 lokacin ya ragu rabi, a desibel 100 minti 15 ne kacal. Akwai abin toshe kunne na makaɗa da ke rage ƙara ba tare da ya dagula sauti ba, ka saya tun kafin tafiyar farko, ka saba da shi a rihazal, kuma in ka dawo ɗaki kana jin kunnenka na ƙara ka roƙi a canza maka wurin zama gobe.