Babi na 6: Idan Kaza, To Kaza

Darasi na 1

Ku saki linzamin kwamfuta tukuna. Ku ɗauko takarda da biro.

Kwamfuta ba ta da wayo, doka take bi. Kamar mai shayi ne: idan ka ce ban da sukari, to ba zai zuba ba. A 1972 wasu masana a ƙasar Faransa suka ƙirƙiro Prolog, harshen da ake rubuta wa kwamfuta dokoki da shi, ita kuma ta ciro amsa da kanta. Da irinsa aka gina manhajojin da ke zaɓo hoto da murya da rubutu su jera su, ba hannun mutum. Mu ƙaramin za mu yi, a PowerPoint, manhajar shirya shafuka don nunawa a allo.

Shafi na 1 tambaya ce: "A sha ruwan kududdufi ba a tafasa ba?" Ƙarƙashinta maɓalli biyu, Eh da A'a. Yanzu ku rubuta:

Idan mai amsa tambayar ya danna A'a, to a kai shi shafi na 2, inda aka rubuta "Madalla".
Idan ya danna Eh, to a kai shi shafi na 3, inda hoton tukunya kan wuta yake.

Ku ƙirga. Layi nawa ne? Biyu. Nan kowa ke tuntuɓe, kada ku ji kunya. Mutum ya rubuta dokar amsar daidai, ya ji daɗi, ya manta da wanda zai yi kuskure. Maɓalli biyu, doka biyu. Ku ɗora yatsa kan layi na biyu. Yana nan? Baba, sake dubawa. Hajiya, ke ma. Bara na faɗi wannan har muryata ta dushe, amma ranar gwaji rabin aji suka zo da doka ɗaya. Wannan ba rashin sani ba ne, gaggawa ce. Wanda bai rubuta layi na biyu ba, kada ya taɓa kwamfuta.

Darasi na 2

A PowerPoint, danna maɓallin A'a na shafi na 1 har ɗigo-ɗigo su zagaye shi. Sai Insert, sai Link, sai Place in This Document. Zaɓi shafin da dokarsa ta ce, danna OK. Maimaita wa maɓalli na biyu. Na biyun, na ce.

Darasi na 3

Danna F5 a allon madannai don shafukan su fara nunawa, ka gwada duka biyun.

Darasi na 4

Saka murya: Insert, sai Audio. Wanda ya gane ya nuna wa na kusa da shi.