Darasi: Ƙunar Ganyen Tumatir da Maganin Jan Ƙarfe

Da damina ne wannan cuta ta fi addabar tumatirin bayan gida. Ƙwayoyinta na zaune a ƙasa da cikin ruɓaɓɓen ganye. Idan aka yi ruwa, fantsama sai ta ɗauke su zuwa jikin shuka. Ganye ya kwana a jiƙe, shi ke nan, cuta ta samu wurin zama.

Iri biyu ce. Ta farko tana farawa daga ganyen ƙasa, tsofaffi. Za ka ga tabo ruwan ƙasa mai zobe cikin zobe, gefensa rawaya, sannu a hankali tana hawa sama. Ta biyu ta fi muni, kuma ta fi son sanyi da raɓa, kamar a tsaunukan Jos. Ganye kan yi kamar an zuba masa ruwan zafi, ƙarƙashinsa da farar fumfuna, 'ya'yan su yi baƙin tabo mai tauri. Wannan cikin 'yan kwanaki take cinye lambu.

Kafin ka sayi magani, gyara lambun. Bar isasshiyar tazara tsakanin shuka da shuka. Kafa sanda ka ɗaure kowace. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi. Tsinke ganyen da ke taɓa ƙasa da wanda ya kamu, ka ƙone ko ka binne nesa, kada ka jefa a juji. Ban ruwa a gindi, da safe.

Maganin jan ƙarfe gari ne kore ko shuɗi. A jikin fakitin akan rubuta copper oxychloride ko copper hydroxide. Abin da mutane ke kuskure a nan shi ne jira. Ba ya warkar da ganyen da ya ƙone, tsare lafiyayye yake yi. Don haka fara feshi da ganin tabon farko, ko kuma da zarar an shiga kwanakin marka.

Yawanci giram 40 zuwa 50 ne a famfon feshi mai lita 16, amma abin da fakiti ya ce shi za ka bi. Dama garin a bokitin roba da ruwa kaɗan, sannan ka juye ka cika famfon. Girgiza lokaci-lokaci, domin yana kwantawa. Fesa sama da ƙarƙashin ganye, da safe bayan raɓa ta bushe ko da yamma. Rana tsaka ko yawan magani na ƙona ganye. Maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, ko bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke shi.

Rufe hanci da baki, sa safar hannu. Kada ka wanke famfo a rafi, jan ƙarfe na kashe kifi. Wanke tumatir kafin ya shiga miya.

Baɗi kada ka maimaita tumatir, dankalin Turawa, tattasai ko gauta a wurin. Sa masara ko wake, shekara biyu zuwa uku.