Kamfanin haƙar ma'adinai ya sauka garinku? Ga yadda za ku zauna da shi

Da farko dai kar ku bari a lallaɓa gidan mai gari da daddare a sa hannu a takarda don an kawo buhun shinkafa da babur. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ce dole kamfani ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma, wadda ake ce ma CDA, da mutanen wurin kafin ya fara haƙa, kuma duk shekara 5 a sake duba ta. Haƙƙinku ne wannan, ba roƙo kuke ba.

Ku nemi ganin lasisinsu, ku sa wani ya tabbatar a ofishin Cadastre da ke Abuja, wato ofishin gwamnati mai ba da lasisin haƙar ma'adinai, ko na gaske ne kuma iyakarsa ina. Sai ku kafa kwamiti, a saka manoman da gonakinsu ke ciki da mata da matasa da Fulanin da ke kiwo a wurin, don in dattawa kaɗai suka zauna gobe rigima za ta tashi. Ku ɗauki lauyanku na kanku, ba wanda kamfani ya kawo ba.

Wajen rubutu nan ne ake cin mutane wallahi, a ce "za mu gina makaranta" shikenan kowa ya tafa. A'a, aji nawa, a wane wata za a gama, wa zai biya malamai, 'yan gari nawa za a ɗauka aiki kuma wane irin aiki, in ba a yi ba me zai faru, duk a rubuta, wakilin ƙaramar hukuma ya shaida. Maganar ruwa kuwa kar a yi wasa da ita, a rubuta inda za a riƙa niƙa dutse da wanke shi nesa da gidaje da rijiyoyi, mun ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

In wurin na da arziki sosai ku nemi hannun jari. Mutanen Bafokeng a Afirka ta Kudu sun yi shekaru suna shari'a da kamfanin Impala kan ma'adinin platinum da ke ƙasarsu, daga baya kason da ake biyansu suka mayar hannun jari a kamfanin. Kuɗin da zai shigo kuma a buɗe masa asusun banki da sunan gari, sai mutum uku sun sa hannu a cira.